Kwali Huɗu na Karta

Duk wanda ya san dattijon nan Mzee Kombo a unguwar Makorora ta garin Tanga ya san motarsa, wasu ma motar suka fara sani kafin mai ita. Tsohuwa ce 'yar Japan, fara, ya saye ta shekara guda kafin a haifi 'yarsa Zuhura, lokacin yana direba a tashar jiragen ruwa. Da ita ya ɗauko Zuhura daga asibiti tana jaririya, shi ya sa yarinyar ta tashi tana kiran motar Yaya. Yanzu Zuhura ta kai shekara ashirin da bakwai, tana aikin jinya, Yaya kuwa tana nan garau, murɗawa ɗaya injinta ke tashi. Matsalarta ɗaya ce, wili.

Wilin nan huɗu na alminiyom ne, na asali, waɗanda motar ta fito da su daga kamfani, kowanne da yatsu biyar. Iskar tekun Tanga kuwa ba ta raga wa ƙarfe. Fentin azurfar da ke kansu ya yi ta kumbura yana ɓarewa, har ta kai in ka sa farce sai ya ɓalle kamar ɓawon kifi. Shekara uku Mzee yana wanke su yana kau da kai. Amma ranar da ɗan aike ya kawo wasiƙar neman auren Zuhura naɗe cikin farin hankici, ko gama karanta ta Mzee bai yi ba ya fita tsakar gida ya tsuguna gaban wilin baya yana ta tsaki.

Matarsa Bi Mwanaidi ta biyo shi da wasiƙar a hannu. Ta ce, “Baban Zuhura, ana maganar auren 'yarka kai kana gaisawa da ƙarfe?”

“Da waɗannan ƙafafun zan kai ta gidan miji? A ce 'yar Kombo ta zo a kan makero? Ina!”

Zuhura na jin su daga bakin ƙofa tana dariya. Ta ce, “Haba Baba, don Allah wa zai kalli wili ranar aurena?”

Sai kawai ya ce ta je ta ɗora masa shayi.

To, auren nan fa bai tabbata ba tukuna. Saurayin, Pandu, yaron kirki ne, malamin makaranta, kuma Zuhura na sonsa son da ba ta iya ɓoyewa. Amma maraya ne, kawunsa Mzee Makame ya raine shi, kuma maganar Makame ita ce ta ƙarshe. Mutumin tsibirin Pemba ne, Kombo bai taɓa ganinsa ba, sunansa kawai yake ji, sunan kuma ba mai daɗi ba ne. Aure biyu ya rusa a danginsu a wajen bincike. Ɗaya don an ce uban yarinyar na leƙa gidan rawa, ɗayan kuma har yau ba wanda ya san dalili. An shirya ranar Lahadi zai zo da mutanensa a sa rana, in bai gano wani abin da bai kwanta masa ba kafin nan.

Ranar Litinin da safe Mzee Kombo ya tafi unguwar Ngamiani wajen Fundi Mhina, mai fentin mota da ke aiki ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Mhina ya zagaya motar, ya ɓanɓari fentin da farce, ya ce, “Mzee, ka rabu da waɗannan mana. Akwai sababbi 'yan China, ƙyalli kamar madubi.”

“Kai, Mhina, in haƙorin uwarka ya yi tsatsa yar da ita kake yi ka sayo wata uwar?”

“To kawo in fesa maka.”

“Da hannuna zan yi. Kai dai faɗa min yadda ake yi.”

Mhina ya san halin mutuminsa, bai ja ba. Ya ce ya ɗora motar kan bulo, ya ciro wilin huɗu ya kwantar da su a kan kwali. Ya wanke da sabulu, ya goge da samfefa mai kaushi yana zuba ruwa, sannan mai laushi, har sai yatsa ya bi bai ji tudu ba. Daga nan fentin ƙasa sau biyu, na azurfa sau uku, ruwan ƙyalli a rufe da shi. Tsakanin kowane feshi minti goma, ba tara ba, ba sha biyar ba. Kuma da safe ake yi, bayan raɓa ta bushe, kafin iskar teku ta taso. Ya ƙara da cewa kada ya yarda a cire tayar daga wilin, don ƙarafunan masu faci sai sun ciji bakin wilin.

“To ya zan yi kada fenti ya ɓata tayar?”

“Karta za ka saya.”

Mzee ya ɗago kai a hankali. “Karta? Ta caca?”

“Wata kartar ka sani bayan ita? Ka rage iskar tayar kaɗan, ka riƙa cusa su ɗaya bayan ɗaya tsakanin roba da bakin wili, su zagaye a tsaye. Fenti zai sauka a kansu, tayarka na nan baƙa ƙirin.”

“A'uzu billahi. Jarida fa?”

“Jarida iska za ta kwantar da ita kan ɗanyen fenti, ka tashi da labarin ƙwallo a jikin wilinka. Salatef kuma ba ya kama roba. Karta, Mzee. Kwali huɗu, kowane wili kwali guda, don tare za ka fesa su launin ya zo ɗaya.”

Kwana uku Mzee Kombo ya yi yana gugar wili. Yatsunsa suka yi fari suka tsattsage, bayansa ya riƙe, tsakar gidan Bi Mwanaidi ta cika da ruwa mai launin toka, kajinta suka yi ta bi suna shan abin da bai kamata ba. Amma wilin suka fito sumul, in ya shafa sai ya lumshe ido. Fenti ma ya sayo, gwangwani tara a jere a inuwa. Saura karta, kuma ita ce ta tsaya masa a wuya.

Ku dai duba. Shekara talatin yana sahun farko, bayan liman daidai. Mabuɗin ɗakin ajiyar masallaci a aljihunsa yake kwana. Shi ne mai korar samari in ya same su suna wasan karta a bayan makaranta, har sandarsa suka sani. Yanzu shi ne zai tsaya gaban kanti a Makorora ya ce a ba shi kwali huɗu? Kafin ya kai gida labari ya riga shi zuwa majalisar masu shan gahawa. Saboda haka ya yi dabara, irin dabarar da mutum ke yi ya yi ta yaba wa kansa a hanya. Ranar Alhamis da la'asar ya sa baƙin tabarau, ya yafa mayafi a ka duk da zafin da ake yi, ya hau motar haya ya tafi can unguwar Sahare, inda ya tabbata ba wanda ya san shi.

Ya wuce kanti biyu don akwai mutane. A na uku ya tarar da wani dattijo siriri shi kaɗai, farar riga, hula mai aiki, carbi a hannu. Mzee ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya sayi ashana, ya sayi sabulun da ba ya buƙata, ya waiga dama ya waiga hagu, sannan ya matso da bakinsa ya ce, “Kana da karta?”

Dattijon ya tsaya da jan carbi. “Akwai ragowar da yarona ya saro ba da sanina ba. Guda nawa?”

“Huɗu.”

“Huɗu?”

“Masu ƙwari, waɗanda ba sa lanƙwashewa.”

Dattijon ya miƙa hannu can saman kanta ya sauko da su, ya ajiye a kan tebur bai janye hannunsa daga kansu ba. Ya dubi Mzee tun daga tabarau har takalmi. Ya ce, “Bawan Allah, da furfurarka?”

Nan fa ya kamata Kombo ya faɗi gaskiya. Maganar ba ta fi ta numfashi ɗaya ba. Amma kunya ta riga ta shaƙe shi, kuma a lokacin ko shi kansa sai ya ji maganar wili ta yi kama da ƙarya. Ya ce, “Ai ba nawa ba ne. Aiko ni aka yi.”

“Wa zai aiki dattijo kamarka sayen karta?”

Mzee ya lalubi suna cikin kansa, duk sunayen duniya suka gudu, saura guda ɗaya tak da ya saba kira shekara talatin da biyu. Ya ce, “Matata.”

Wallahi haka ya faɗa. Ya biya, ya cusa su cikin aljihu, ya fita da sauri har ya manta sabulun. A mota yana ta istigifari, amma can ƙasan ransa yana jin daɗi, ai ba wanda ya gane shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana zaune yana cin shinkafa da miyar kwakwa, Zuhura ta shigo da kayan aikinta a jiki, waya a hannu, ido ya yi ja. Ba ta ko gaishe shi ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, “Baba, Pandu ya kira ni. Kawunsa ya ce ba za su zo ranar Lahadi ba. Ya ce ba ranar Lahadi ba, ba wata rana ba.”

Bi Mwanaidi ta fito daga kicin da ludayi. “Saboda me?”

“Wai ba zai haɗa jini da gidan da uwa ke caca, uba kuma yana mata aiken karta ba.”

“Wace uwar?”

“Ke, Mama.”

“Ni? Ni Mwanaidi? Ni da ko dara ban iya ba?”

“Ya ce jiya Baba ya je kantinsa a Sahare, ya rufe fuska da mayafi, ya sayi kwali huɗu, da bakinsa ya ce ke kika aike shi. Ya ce makon jiya aka nuna masa Baba a masallacin Juma'a, ko cikin buhu aka sa shi zai gane shi.”

Lomar da ke bakin Mzee ta ƙi gaba ta ƙi baya. Kantin nan, cikin duk kantunan garin Tanga, ashe na Makame ne. Mata biyun suka juyo suna kallonsa. Ya haɗiye da ƙyar, ya fara bayanin taya da roba da bakin wili da abin da Mhina ya ce, yana zana zagaye da yatsa a kan tabarma. Ba wadda ta katse shi, kuma hakan ya fi a katse shi muni.

Da ya gama, Bi Mwanaidi ta ce, “Baban Zuhura, duk mutanen da Allah ya halitta, ba ka da aboki? Ba ka da maƙwabci? Ba ka da wani matacce da za ka ɗora wa? Sai ni?”

“Maman Zuhura, sunanki ne ya fi kusa da bakina.”

“Ka ji shi! Wai yabo ne ma yake yi!”

Zuhura ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a bakin gado ta rufe fuska da gefen mayafinta, kafaɗunta na rawa. Wannan ne ya karya shi. Tun tana 'yar shekara tara, ranar da ta faɗo daga keke, bai ƙara ganin kukanta ba, yau ga shi shi ne ya sa ta, a kan ƙarfe huɗu. Ya ji ya tsani wilin, ya tsani Mhina, ya fi tsanar kansa. Ya miƙe yana neman hularsa, ya ce yanzun nan zai tafi Sahare ya durƙusa wa Makame ya faɗa masa komai.

Bi Mwanaidi ta tare ƙofa da ludayi. Ta ce, “Zauna. Mutumin da ka yi wa ƙarya jiya shi zai yarda da kai yau? Cewa zai yi ka kwana kana ƙera wata. Zuhura, kira Pandu. Ki ce ya gaya wa kawunsa Bi Mwanaidi na gaishe shi, ta ce gobe ƙarfe takwas za a buɗe cacar a tsakar gidanta, ya zo ya gani da idonsa kafin ya yanke wa 'yar mutane hukunci.”

“Mama, in faɗa haka?”

“Ko wasali kada ki rage.”

Asabar da safe Mzee ya shimfiɗa kwali, ya kwantar da wilin huɗu a jere, ya rage musu iska, ya goge su da tsumma mai tsabta. Ya ɓare kwalin karta na farko da bismillah da a'uzubillah a haɗe, don bai san wacce ta dace ba. Sai ga wata sabuwar masifa. Sababbin kartar sun manne da juna, yatsunsa kuma kauri gare su, ga tsagar samfefa. In ya zaro ɗaya sai uku su biyo ta. In ya cusa ta biyar sai ta biyu ta faɗi. Rabin awa bai zagaye ko rabin wili ɗaya ba, ganyen kwakwar maƙwabta kuma ya fara motsi, alamar iskar teku ta kusa. Yana rarrafe yana bin wata da ta shige ƙarƙashin mota aka yi sallama.

Mzee Makame ne, farar riga, sanda, carbi, shi kaɗai. Ya tsaya a bakin zaure yana kallon tsakar gida. Mota a kan bulo, karta warwatse ko'ina, kaza na tsattsagar mai hoton sarki, mai gida kuma rabin jikinsa a ƙarƙashin mota. Bi Mwanaidi ta fito ta gaishe shi da ladabin da ya fi zagi zafi, ta ajiye masa kujera da gahawa da alewar kwakwa da suke kira kashata, ta ce, “Bismillah, Mzee, ga gidan cacar. Ka yi haƙuri, yau 'yan wasan ba su da yawa.”

Kombo ya fito yana kaɗe gwiwa. Wannan karon bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, “Mzee Makame, na yi maka ƙarya ranar Alhamis. Matata ba ta aike ni ba, ba ta ma san na fita ba. Kunya ce ta sa ni, na ɗora wa baiwar Allah abin da ba ta ji ba ba ta gani ba. Kartar ta wannan aikin ce. In akwai mai laifi ni ne, yarinyar ba ruwanta.”

Makame bai taɓa gahawar ba. Ya ce, “Na shekara sittin da takwas a duniya, ban taɓa jin an yi wa mota fenti da karta ba.”

“Ni ma sai ranar Litinin na ji.”

“To nuna min.”

Kombo ya tsuguna ya nuna masa. Ko kuwa in ce ya yi niyyar nuna masa. Ido na kansa, ya zaro ɗaya huɗu suka zube. Ya cusa ɗaya a kife, ɗaya a karkace, ya danna wata da ƙarfi ta lanƙwashe biyu. Sai ya lashi yatsa ya fara tsintar su daga kwalin kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Makame ya gyara zama. Ya yi gyaran murya. Ya kau da kai ya dubi bango, ya sake dawo da kallonsa. Carbin hannunsa yana gudu fiye da yadda tasbihi ke buƙata.

Da Kombo ya ɗauki kwali na biyu ya fara ɓare shi da haƙori, Makame ya miƙe tsaye. Ya ce, “Kai! Kawo nan! Haka ake riƙe karta? Sabuwa ce, sai an farfasa ta!”

Ya rataya carbi a wuya, ya naɗe hannun riga, ya karɓe kwalin. Ya raba shi biyu, ya lanƙwasa, sai ka ji frrrr, suka shige cikin juna. Ya sake, frrrr. Ya watsa su daga wannan hannu zuwa wancan ko ɗaya ba ta faɗi ba. Sannan ya tsuguna gaban wilin, babban yatsa na turo su, ɗaya hannun na cusawa, tsaf, tsaf, tsaf, kowacce ta hau gefen 'yar uwarta daidai. Kafin Kombo ya rufe baki an zagaye wili na farko. Ya wuce na biyu bai ko ɗaga kai ba, har wani ɗan murmushi ne a fuskarsa. Sai da ya cusa ta ƙarshe a wili na huɗu ya miƙe yana kaɗe hannu, sannan ya lura tsakar gidan ta yi tsit. Zuhura ma ta leƙo ta taga.

Bi Mwanaidi ta naɗe hannu a ƙirji. Ta ce, “Masha Allah, Mzee Makame. Wannan a wace makarantar allo ake koyar da shi?”

Dattijon ya dubi hannuwansa kamar yau ya fara ganinsu. Ya koma kan kujera a hankali, ya ɗauki gahawar da ta huce ya shanye. Can ya ce, “A Pemba, lokacin tsinkar kanumfari. Ina saurayi. Ba wanda ke cin mu, ni da abokaina, sai da muka haɗu da wanda ya fi mu. Jakin mahaifina na sa, aka cinye. Tsohon ya yi shekara biyu yana ɗaukar buhu a ka, bai taɓa yi min faɗa ba har ya rasu. Shekara arba'in da shida ban taɓa karta ba sai yau. Shi ya sa ba na son ko warinta kusa da Pandu.”

Kombo ya ji tausayinsa ya kama shi, zai yi magana, matarsa ta riga shi. Ita ba ta manta kwanan da ta yi da sunan 'yar caca ba. Ta ce, “Allah ya jiƙan tsoho. To Mzee, yanzu mu ma bincike ya hau kanmu. Mu ba da 'yarmu gidan da kawu ke raba karta haka?”

“Haba, Bi Mwanaidi.”

“Tambaya na yi.”

“Abin da kuka gani ya tsaya a gidan nan. Abin da na faɗa a kanki kuma zan bi in janye shi, mutum uku ne suka ji.”

“Lahadin fa?”

“Gobe bayan la'asar muna nan, da ni da mutanena.”

Tagar da Zuhura ke leƙowa ta rufe da sauri, aka ji wata 'yar guɗa a ɗaki da aka toshe da matashi. Kombo ya ɗaga kai ya dubi ganyen kwakwa, ya ce, “Surukina, iska na tasowa. Kana da agogo?”

Haka aka yi aikin. Kombo na girgiza gwangwani yana feshi, hannu na tafiya a hankali daga nesa kamar yadda Mhina ya ce, Makame na riƙe da agogo yana ƙirga minti goma da tsananin da ya saba bincike da shi. Sau ɗaya Kombo ya ɗauki gwangwani a minti na tara, Makame ya buge masa hannu da sanda. Fentin ƙasa sau biyu, azurfa sau uku, ruwan ƙyalli. Kafin ruwan ƙarshe ya bushe Makame ya bi yana zare kartar ɗaya ɗaya, duk sun zama azurfa. Tayoyin suka fito baƙi wuluk, ko ɗigo babu. Wilin kuwa, wallahi ko ranar da aka fito da su daga kamfani ban tsammanin sun fi haka. Makame ya tafi da babban yatsa mai launin azurfa, ya yi mako guda yana ce wa masu sayayya ƙonewa ya yi.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da la'asar aka fito da amarya, lalle har gwiwar hannu, ƙamshin turaren wuta ya cika unguwa, mata na ta guɗa. Mzee Kombo ya buɗe mata ƙofar baya da kansa, ta shiga ita da gwaggonta. Daga Makorora zuwa Sahare ba wata tafiya ba ce, amma sai da ya kusa awa guda. Kowane rami sai ya kauce masa, kowane kududdufi sai ya zagaye shi, motocin rakiya na bayansa suna ta danna oda. Gwaggon ta ce, “Kombo, amarya ka ɗauko ko ƙwai?” Ya ce wili yake ji, sabon fenti ne. Zuhura ta dube shi ta madubi ta yi murmushi, don ta san fentin ya bushe tun wata biyu.

A ƙofar gidan angon ya tsaya. Ya zagayo ya buɗe mata, ta fito, matan gidan suka yo kanta da kiɗa da shewa. Ta juyo tana nemansa, ta gan shi tsaye gefen mota, kai a ƙasa, ya zuba wa wilin baya ido. Ta ratso cikin matan ta dawo, ta riƙe hannunsa mai tabon samfefa.

“Baba, ka dube ni mana.”

“Ina duba wili ne, kamar ya ɗauki ƙura.”

“Babu ƙura, Baba.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Kin tambaye ni wa zai kalli wili ranar aurenki. Ni ne, Zuhura. In na ɗaga kai na dube ki kuka zan yi a gaban surukai. Ki shiga, Allah ya yi miki albarka.”

Ta sumbaci hannunsa, matan suka ja ta ciki. Ya ci gaba da tsayuwa a wurin. Can sai ga wata farar riga ta zo ta tsaya gefensa, Makame ne, shi ma ya sunkuyar da kai yana kallon wilin, don shi ma yau ɗan da ya raina ya tashi daga hannunsa. Suka daɗe a haka, dattawa biyu, kiɗa na tashi a bayansu.

Makame ya ja hanci ya ce, “Aikin ya yi kyau, surukina.”

Kombo ya goge ido da gefen hularsa ya ce, “Ya yi.”